Kyanwar Hajo a Turken Marka

Duk wanda ya ci kasuwar Tsiga a shekarun nan na bayan samun mulkin kai ya san ragon Marka. Kowace shekara sabo ne, amma duk kamarsu ɗaya: wuya kamar turmi, baya ya shafe, tafiya sai an tura. Marka Bamagujiya ce, gidansu na can bayan gari a tsakiyar gonakin dawa da auduga. Ita ba ta layya, amma ragon da ake nuna wa juna da baki ranar layya daga turkenta yake fitowa. Ta iya kiwo, kuma ta san ta iya, kuma wannan sanin ne ya kai ta ya baro.

Tana da ƙawa a cikin gari, Hajo, Musulma, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta Bature. Tun suna ƴan mata suka ƙulla ƙawance a rumfar masu daddawa, kuma ƙawancen bai taɓa yin sanyi ba. In ɗaya na biki, ɗayar ce a bakin murhu. To shekarar da auduga ta yi albarka, Bature ya kai audugarsa Funtuwa ya sayar, ya dawo ya ce wa uwarsa ta ɗaure kayanta, Makka za su, ta mota, ta Maiduguri har Sudan. Matarsa ta tafi Malumfashi goyon ciki wajen iyayenta. Za a rufe gida ke nan, saura kyanwa.

Ƴar Toka ake ce mata. Tsohuwa ce tukuf, kunnen hagu a tsage, haƙori ɗaya ya faɗi, siririya kamar igiyar guga. Bilki, ƴar Hajo guda ɗaya mace, ita ta tsinto ta tana jaririya a gindin rumbu. Bilki ta rasu wajen haihuwar fari, kyanwa ta zauna. Ba wanda ya taɓa jin Hajo ta haɗa maganar biyu, amma duk wanda ya san gidan ya sani.

Hajo da kanta ta ɗauko ta a kwando, ta rufe da faifai, ta tako har gidan su Marka.

"Ƙawa, ga amana," in ji Hajo. "In na dawo ki ba ni abata yadda na ba ki. In kuma ban dawo ba, to, ta zama taki."

"Haba ƙawa, wace irin magana ce wannan? Za ki je lafiya ki dawo lafiya."

"Ki ji ni dai. Ta tsufa. Ɗan abincin da zai cika tafin hannu da safe, shi ke nan, sauran ta nema da kanta. Kuma don Allah kada ki tsare ta. Ki bar ta ta yi yawonta, ta hau ta sauka. In ta zauna wuri ɗaya jikinta riƙewa yake yi."

"To, to, na ji," in ji Marka.

Ta ji kuwa, da kunne. Hannunta na kan kyanwa tana lissafa haƙarƙari da yatsa, zuciyarta na wani zance daban. Ƙasusuwa ne kawai aka lulluɓe da gashi! Hajo mutuniyar kirki ce, ba musu, amma tun suna yara hannunta bai cika buɗewa ba, ko gishiri sai ta auna. Wai tafin hannu. Marka ta yi murmushi ta raka ƙawarta har bakin hanya, suka rungume juna suna kuka.

Gidan su Marka gidan karnuka ne. Maigidanta Dogo mafarauci ne da rani, karnukansa kuwa ba su san wata aba wai ita amana ba. Don haka tun ranar farko ta yaga bakin tsohon zane ta ɗaure Ƴar Toka a ƙafar gadonta, wai ta kwana biyu ta saba da gida. Kyanwa ta yi kuka, ta ciji tsumma, ta zagaya ƙafar gado har ta naɗe kanta, ta gaji ta kwanta. Marka ta leƙo ta ce, madalla, ta saba. Rago ma haka yake yi in an kawo shi turke, ya yi ta fizga, daga baya ya haƙura ya kama cin abinci.

Abinci kuwa, ai sai wanda ya gani. Da safe kindirmo a kasko, da ɗan man shanu a kai. Ranar kasuwa ta biya wajen mahauta ta karɓo kitse da huhu. Da yamma ƙanzon tuwo a jiƙe da romo. Kowace safiya sai ta fara zuwa turke ta matsa ƙugun ragonta ta ji inda kitse ya kai, sannan ta shigo ɗaki ta matsa na kyanwa, da hannu ɗaya da ma'auni ɗaya. Haƙarƙari suka ɓace. Gashi ya yi ƙyalli. Marka ta riƙa jin daɗi har cikin ranta, tana hango ranar da za ta buɗe kwando a gaban Hajo.

Dogo ya leƙa ɗakin wata rana neman zabirarsa, ƴar jakarsa ta fata, ya tsaya yana kallo.

"Wai Marka, wannan ma da layya za a sayar?"

"Ina ruwanka? Kai aka ba amanar?"

"A'a, na ga ta kusa kamo ragon ne."

"So kake Hajo ta dawo ta tarar da abarta a rame? A ce Marka mai kiwon raguna ta kasa ciyar da kyanwa guda? Matan gari su ce daman me ake tsammani daga gidan Maguzawa? Aradu ba a kaina ba."

Dogo ya ɗauki zabirarsa ya fita yana dariya. Shi dai ya san in Marka ta rantse da aradu, mai hankali gaba yake yi.

Layya ta zo, aka ja rago zuwa kasuwa, turke ya zama fanko. Duk hannun da ke kan dabba biyu sai ya koma kan ɗaya. A lokacin ma an daina ɗaure Ƴar Toka, don ba inda za ta. Daga gindin gado zuwa kasko, daga kasko zuwa gindin gado, iyakar duniyarta ke nan. Wata rana da tsakar rana Marka na tsince wake a bakin ƙofa, sai ga ɓera ya fito daga bayan randa, ya hau bakin kasko yana lasar kindirmo, kyanwa na kwance kusa da shi har gashin bakinsu na neman haɗuwa. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta mayar ta rufe. Marka ta yi maza ta kau da ido, ta koma kan wakenta. Ƙoshi ne, in ji ta. Wa zai bar man shanu ya ci ɓera?

Ruwan farko da ya sauka ya sami rufin ɗakinta da ɓaraka. Da gari ya waye ta fito da tabarmi da tsummoki tana shanyawa, ta ɗauko kyanwa ma ta ajiye a rana, har tana nishi don nauyi. Ta juya ke nan za ta koma ɗauko tukwane, sai ta ji gurnani.

Babban karen Dogo ne, jan nan mai yankakken wutsiya. Ƴar Toka ta gan shi, ta miƙe, kuma abin da ta sani tun tana yarinya shi ta yi: ta nufi durumin tsakar gida. A gidan Hajo katanga take hayewa kafin mutum ya ƙifta ido. Yau tana gudu ciki na jan ƙasa. Ta isa gindin durumi, ta yi tsalle, farata suka kankari ɓawo, ko tsayin gwiwar mutum ba ta kai ba ta faɗo rigingine. Kare ya cafke cinyar baya ya girgiza.

Marka ba ta san lokacin da taɓarya ta bar hannunta ba. Ta sami karen a kwiɓi, ya saki ya ruga yana ihu. Ta durƙusa ta tattaro kyanwa, jini na bin hannunta, tana cewa, "Wayyo Hajo, wayyo na shiga uku."

Ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta zauna a bakin ƙofa tana wanke ciwon. A nan, cikin hasken rana, ta ga abin da duhun ɗaki ya daɗe yana rufe mata. Gashin bayan kyanwa ya dunƙule ya yi tauri kamar tsohuwar kitso, don ta daɗe ba ta iya lanƙwasawa ta lashe kanta. Faratan gaba sun yi tsawo, sun lanƙwashe sun shige cikin tafin ƙafa, har wani ya tara ruwa. Ga baki a buɗe, tana numfashi kamar wanda ya sauke buhu. Wannan duk ba aikin kare ba ne. Marka ta dubi hannunta, hannun nan da take alfahari da shi, ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. An faɗa mata. Da bakin Hajo aka faɗa mata, a tsakar gidan nan, ita kuwa tana tsaye tana zagin ƙawarta da rowa a cikin ciki.

Dogo ya dawo daga gona ya ji labari, ya zari sanda zai nemo karen.

"Bar shi, maigida," in ji Marka. "Shi sau ɗaya ya cije ta. Ni tun tafiyar Hajo nake yi."

Dogo ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, ya dubi fuskarta, ya fasa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko askarsa, ya riƙe mata kyanwa ta yanke faratan ɗaya bayan ɗaya, ta aske dunƙulen gashin. Daga ranar, ba tare da an roƙe shi ba, kullum da safe sai ya ɗaure karnukansa a bayan rumbu.

Sa kitse abu ne da Marka ta iya ido rufe. Cire shi kuwa, ba ta taɓa yi ba, ba ta ma taɓa jin wanda ya yi ba. Ta ɗauke man shanu, ta daina biyawa wajen mahauta neman kitse, sai ɗan jan nama ko busasshen kifi, ta riƙa rage kasko kaɗan-kaɗan har ya dawo tafin hannun da aka ce mata tun farko. Ƴar Toka ba ta yafe ba. Ta riƙa zama gaban kasko tana kuka mai tsawo, tana kallon Marka ido cikin ido. Kai, kukan nan! Marka ta koma cin tuwonta a bayan ɗaki kamar ɓarauniya. Wani lokaci zuciyarta ta karye ta jefa mata ɗan ƙanzo, sannan ta yini tana tsine wa kanta. In ta ba ta, ta cuce ta. In ta hana ta, ga kuka. Ko ta ina ta juya laifinta ne ke kallonta.

Da ciwon ya kame sai ta shiga neman yadda za ta tashe ta. Ta ɗaura gashin zabuwa a bakin kara, ta riƙa ja a ƙasa tana zagaya tsakar gida a duƙe, mace mai jikoki. Matan gidan suka bar daka suna kallo, har da masu riƙe ciki don dariya.

"Marka ta koma yarinya!"

"Ku yi ta yi," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da farko kyanwa ido kawai take bin gashin da shi. Daga baya ta fara miƙa hannu. Sai Marka ta ƙara da wata dabara: in za ta gayaunarta, ɗan filin da take noma gyaɗa da kuɓewa, sai ta sa Ƴar Toka a kwando, ta sauke ta a bakin gona, ta yi gaba abinta ba waiwaye. Kyanwa ta yi kuka ta ga ba mai dawowa, dole ta biyo kunyoyin gona tana jan ƙafa, ta tsaya ta huta, ta ƙara. Marka na gaba tana cizon leɓe, don kowane kuka ji take kamar ta juya ta ɗauke ta. Ranar da Ƴar Toka ta daka wa fara hannu a gindin kuɓewa ta tauna ta ƙaras-ƙaras, Marka ta yar da fartanya ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakiyar gona, har masu noma a maƙwabta suka miƙe suna dube-dube.

Ciki ya ɗan ɗage daga ƙasa. Numfashi ya ɗan daidaita. Amma ƙafar baya ba ta dawo ba, kuma tsufa ba ya mayar da abin da ya karɓa. In Marka ta ajiye ɗan kifi a kan turmin da aka kifar, kyanwa sai ta zo ta tsaya a ƙasa tana kallo, ta ɗaga hannu ɗaya ta sauke, ta haƙura. Sai Marka ta tsinci kanta tana fatan abin da bai kamata mutum ya yi fata ba: Allah ya sa motar su Hajo ta daɗe a hanya, ko da wata guda ne, ko laka ta riƙe ta a wani wuri. Ƙawarta, tsohuwa, a ƙasar mutane, a bayan babbar mota cikin ruwan sama, ita kuma tana nan tana roƙa mata jinkiri don ta rufe abin kunyarta. Ta ji ƙyamar kanta, amma gobe ma sai ta sake yi.

Dawa ta kai ƙugu lokacin da labari ya iso cewa motar Funtuwa ta sauke alhazai a Tsiga. Marka ba ta je ranar ba. Kashegari ma ta ce kanta na ciwo, ta shige gona.

"Marka," in ji Dogo, "duk gari ya je. Har waɗanda ba sa ga maciji da ita sun je sun karɓo dabino. Ke da ya kamata ki riga kowa? Za ta ce mutuwa kika yi."

"Da ma mutuwar ce," in ji Marka.

Amma ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita, ta sa kyanwa a kwando ta kama hanyar gari. Ba ta taɓa sanin hanyar nan gajeriya ba ce sai ranar.

Ɗakin Hajo cike yake da mata. Tana zaune a kan dogon gadonta na ƙarfe, ta rame, ta yi baƙi, ga haƙorin Makka na walƙiya in ta yi dariya.

"Hajiya, barka da sauka. An dawo lafiya?"

"Ƙawa! Sai yau? Tun jiya idona na kan ƙofa. Zo nan, zo nan." Ta jawo Marka ta rungume, ta cusa mata dabino da sabon kallabi a hannu. Sannan ta dubi kwandon, muryarta ta sauka. "Tana nan?"

Marka ta durƙusa ta ɗage faifai. Ƴar Toka ta fito a hankali tana shinshina ƙasa.

"Tubarkalla!" in ji wata maƙwabciya. "Wannan Ƴar Toka ce? Ai ta zama amarya!"

"Hannun Marka ke nan," in ji wata. "Ko kara ta ɗaure a turke sai ya yi kitse. Hajiya, kin dace da ƙawa, wannan ita ce riƙon amana."

Da zagi suka yi mata da ya fi sauƙi. Marka ta sunkuyar da kai tana murza kallabin a hannu.

Hajo ta buga tafin hannu a kan katifa. "Mus, mus. Zo, ƴar nan."

Kyanwa ta ɗaga kai. Ta gane muryar, ba shakka, don wani irin kuka ta yi, siriri, wanda Marka ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Ta ratsa tsakanin ƙafafun mata tana jan ƙafar baya, ta isa gindin gado, ta duƙa, ta dubi sama, ta yi tsalle. Farata suka kama bakin zanen gado, ta yi lilo, zanen ya zamo, ta faɗo tim a ƙasa. Mata suka tuntsire da dariya. Ta tashi, ta sake duƙawa, ta sake gwadawa. Wannan karon ko zanen ba ta taɓa ba. Dariya ta mutu, don kowa ya ga Hajo ba ta yi ba.

Aka kira azahar, mata suka watse ɗaya-ɗaya. Hajo ta sunkuya da ƙyar ta ɗauko kyanwa ta ɗora a cinya. Yatsunta suka bi baya, suka bi ciki, suka tsaya a kan tabon cinya.

"Ɗaure ta na yi, Hajiya," in ji Marka, kafin a tambaye ta. "Kin ce kada in tsare ta, na ɗaure ta a ƙafar gado kamar rago. Kin ce tafin hannu, na cika ta da kitse da man shanu, ina cewa a raina rowa ce ke damunki. Ta yi nauyi har ta kasa hawa itace, kare ya kama ta. Wannan da kike gani ma ta ragu ne. Na yi ta fama in gyara, bai gyaru ba. Ba yadda kika ba ni na kawo miki ba, ƙawa. Na ci amanarki."

Marka ta share hawaye. Ta jira. Hajo na da baki in ta so, Marka ta sha gani a kasuwa, kuma yau so take a sauke mata shi duka.

Hajo ta daɗe tana shafa kunnen nan tsagagge.

"A nan take kwana," in ji ta, "wajen ƙafata. Duk tafiyar nan, a cikin mota, a bakin teku, in na kwanta sai in ji ƙafata ba kowa." Ta ajiye kyanwa a ƙasa a hankali, ta dafa ƙarfen gado ta miƙe. "Tashi ki kama mini."

"In kama me?"

"Katifa. Tunda ba za ta iya hawowa ba, ni sai in sauko."

"Haba Hajiya! Damina ce fa, ƙasa da sanyi. Ga gwiwoyinki. Ki bari in riƙa zuwa ina ɗora miki ita, ko a sa mata turmi ta taka, ko..."

"Kama, ƙawa."

Ba faɗa a muryar, ba gori. Marka ta kama gefe ɗaya, Hajo ta kama ɗaya, suka sauke katifar rimi suka shimfiɗa a kan daɓe. Hajo ta riƙe ƙafar gado ta fara sauka, gwiwa ɗaya tukuna, ta tsaya ta ja numfashi, ƙashi ya yi ƙara har Marka ta ji, sannan ɗayar. Ƴar Toka ta jawo ƙafarta ta hau bakin katifa ta naɗe a wurin.

Marka ta tsaya a kansu da kwando fanko a hannu. Tana hango kowace asuba da tsohuwar nan za ta yi ta fama da ƙafar gado kafin ta miƙe daga ƙasa ta yi alwala, kuma ta san wanda ya saukar da ita.